Ƙaramar jif: me ya sa bakin masu ita bai zo ɗaya ba a kan girma, kyau da shan mai?

"Assalamu alaikum. Na daɗe ina hawa ƙaramar mota salun, yanzu iyali sun ƙaru, ina so in koma ƙaramar jif irin su RAV4, CR-V ko Tucson. Na tambayi masu irinsu, sai suka ƙara rikita ni. Wani ya ce cikinta fili ne, wani ya ce girman a waje kawai yake. Wani ya ce ba ta shan mai, wani ya ce saboda mai da ya sani da bai saya ba. Ni kuwa, gaskiya, siffarta ce ta fara jan hankalina. Maganar wa zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko girman nan da ake gani na gaske ne, ko kyan da ya ja ka yana da wani farashi a ɓoye, da kuma nawa za ta riƙa ci maka a gidan mai. A bayan ukun akwai abin da ya fi damun ka, wato yadda mutane masu mota iri ɗaya suke ba ka labari daban-daban.

Ina ganin babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. A aikina na gyara da duba mota ga masu shirin saye, na lura cewa mai mota ba ya auna ta da ma'auni, da motar da ya baro yake auna ta. Wanda ya sauko daga Land Cruiser ko Pajero zai ce maka RAV4 shinshinar mai kawai take yi, amma cikinta ya matse shi. Wanda ya hau daga Corolla ko Civic zai ce maka ɗaki ce guda, amma ta dame shi da zuwa gidan mai. Don haka duk wanda ya ba ka ra'ayi, kafin ka ajiye maganarsa a zuciya, ka tambaye shi motar da yake hawa a da, da irin hanyar da yake bi kullum, da shekarar da aka ƙera tasa. In ka samu amsar waɗannan, yawancin saɓanin zai warware da kansa.

Wace irin mota ce ma tukuna?

Jif ta asali ana gina ta ne a kan shasi mai kama da tsani, a ɗora bodi a kai, a ba ta giya ta musamman mai saukar da gudu ta ƙara ƙarfi don hawa tudu da fita daga laka. Land Cruiser da Patrol haka suke, har da 'yar ƙaramar Suzuki Jimny. A 1994 Toyota ta fito da RAV4, wadda aka yi bodinta da shasinta a haɗe kamar na ƙaramar mota, aka ɗaga ta sama. Honda ta biyo da CR-V a 1995 a kan tushen Civic, Subaru ta kawo Forester a 1997 a kan tushen Impreza, Hyundai ta fito da Tucson a 2004 a kan tushen Elantra. RAV4 ɗin da aka fitar a 2018 tushenta ɗaya da Camry, injinsu ma na lita 2.5 ɗaya ne. Kasuwa ta karɓi wannan tsari hannu bibbiyu: Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2023 motocin da ake kira SUV, wato jif manya da ƙanana, sun kai kashi 48 cikin 100 na motocin da aka sayar a duniya.

Na kawo wannan ne don ka san abin da za ka biya kuɗi a kai. Ƙaramar jif salun ce da aka ɗaga, aka miƙar da rufinta har baya. Tsayi zuwa sama shi ne hajar da ake sayar maka. Duk alherin da masu ita suke yabo daga tsayin nan ya fito, kuma kusan duk abin da suke kuka da shi daga nan ya fito.

Girma

Mu fara da awo. RAV4 ta farko mai ƙofa uku tsawonta daga gaba zuwa baya bai wuce mita 3.7 ba. Ta 2018 ta kai mita 4.6, faɗinta kusan mita 1.85. Ka ga ke nan mutum biyu za su iya cewa "ina da RAV4" alhali tsakanin motocinsu akwai kusan mita guda. Amma ko ta zamanin ba doguwa ba ce yadda ido yake ɗauka. Corolla salun ta wannan lokacin tsawonsu kusan ɗaya, Camry kuma ta fi ta da kusan santimita 30. Inda ta tsere musu shi ne sama: tsayinta ya kusa mita 1.7, na Camry kuwa kusan mita 1.45.

Tsayin nan ba ƙaramin abu ba ne, kada a raina shi. A salun kana zama ne ƙasa-ƙasa, ƙafafu a miƙe gaba. A jif kana zama a miƙe kamar a kan kujera, gwiwa a lanƙwashe, don haka tsawo kaɗan ya ishi ƙafa. Kujerar tana daidai da ƙugun mutum in yana tsaye, shiga da fita babu durƙuso. Dattijo mai ciwon gwiwa ko ciwon baya, mace mai juna biyu, uwa mai ɗaure jariri a kujerarsa safe da yamma, waɗannan su ne na fi jin suna sa wa motar albarka, kuma da gaskiyarsu. Direba ma yana hango hanya daga nesa, abin da ke kwantar wa mutane da yawa hankali a cikin cunkoso.

Inda ake shan mamaki shi ne kujerar baya. Faɗin cikinta da na Camry ko Accord ba su da wani bambanci na a zo a gani. Manya uku a baya za su gogi kafaɗa kamar yadda suke yi a salun, kujerun yara uku kuwa da wuya su jeru a yawancinsu. In dalilinka na canja mota shi ne yara sun kai uku ko huɗu, to wannan shi ne abu na farko da za ka gwada da hannunka. Wasu, irin su X-Trail da Outlander da Tiguan mai dogon bodi, ana samun su da layi na uku. Layin nan na ƙananan yara ne a gajeriyar tafiya, kuma da zarar ka buɗe shi but ɗin ya tafi. Iyali mai mutum bakwai da kayansu motar iyali mai ƙofar turawa suke bukata, ko da ba ta burge ido.

But ɗin ma akwai magana. Nata tsayi ne da shi, na salun zurfi. Abin da ta fi salun nesa ba kusa ba shi ne bakin ƙofa: ƙofar baya tana ɗagawa gaba ɗaya, kujeru suna kwantawa, kwali babba ko keken yaro ko keken guragu yana shiga ba tare da kokawa ba. Amma ka yi hattara da alƙaluman da ke cikin talla, domin hanyar awon ta bambanta. A Turai ana aunawa zuwa layin taga, a Amurka ana aunawa har rufi. Shi ya sa RAV4 ɗaya za ka ga an rubuta mata lita 580 a Turai, a Amurka kuma abin da ya haura lita 1,000. Camry ta wannan zamani a awon Turai ta haura lita 500, ka ga ratar ba ta kai yadda ake zato ba. Lodin kaya har rufi kuma ba abin so ba ne: ya toshe maka madubi, in ka taka birki da ƙarfi kayan kan kawunan na baya za su zubo. Ka kuma duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wadda ta faɗi nauyin da motar za ta iya ɗauka. A wannan aji yawanci kilo 400 zuwa 550 ne, mutane da kaya duka. Manya biyar sun kusa cinye shi.

Sai tazarar cikinta da ƙasa. Salun tana da kusan santimita 14 ko 15, ƙaramar jif 18 zuwa 22, Forester tana cikin masu 22. Ga mai bin gargada, ko hanyar da ruwa ya zaizaye, ko unguwa mai manyan tudun rage gudu, wannan santimita biyar ko shida shi ne bambanci tsakanin wucewa lafiya da fasa tukunyar baƙin mai. Iyakarta ke nan dai. Da yawa daga cikinsu tayoyin gaba kaɗai ke ja. Masu ja da taya huɗu ma yawanci da gaba suke tafiya, sai sun ji santsi su tura ƙarfi baya, kuma ba su da giyar ƙarfi ta manyan jif. Mafi munin aikin da ake kawo mini a kan waɗannan motoci shi ne injin da ya sha ruwa, saboda mai ita ya ga tsayi ya afka cikin ambaliya. Bakin da inji yake shaƙar iska bai fi na salun tashi da yawa ba, kuma ruwa kaɗan ya isa ya lanƙwasa ƙarfen fistin.

Kyan da ya ja ka

Ba zan ce maka ka yi watsi da kyau ba. Mota ce da za ka gani kowace safiya shekaru, in ranka bai kwanta da ita ba ko kula da ita ba za ka yi yadda ya kamata ba. Sai dai wasu abubuwan da suke ƙawata ta suna da lissafin da ba a faɗa a wurin saye.

Na farko manyan wili. Mota ɗaya za ka same ta da wili mai inci 17 a ƙaramin samfuri, mai inci 19 ko 20 a babba. Tunda faɗin da'irar tayar gaba ɗaya ba ya canjawa, duk incin da aka ƙara wa ƙarfe daga roba aka cire shi. Gefen taya ya zama siriri, ya rage shanye duka. Sakamakon shi ne jijjiga a kan gargada, ƙarar hanya a cikin mota, kumburin taya ko lanƙwasar wili in ka faɗa rami, ga tsadar canji, ga ɗan ƙarin shan mai saboda nauyi da faɗi. Sau da yawa mutum biyu masu mota iri ɗaya, ɗaya na cewa laushi gare ta, ɗaya na cewa tana karya masa baya, in ka leƙa ƙasa sai ka tarar bambancin a wili yake. Ni in zan zaɓar wa iyali, mai inci 17 zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Na biyu rufi mai gangarowa baya da ƙananan tagogi, salon da irin su Juke da C-HR suka yi fice da shi, wasu manyansu ma suka ɗauka. A waje yana ba ta kamar mai shirin zabura. A ciki kuwa kan dogon mutum yana taɓa rufi, yaro a baya ba ya ganin waje, wanda hakan kan tayar wa wasu yara da zuciya, direba kuma in zai koma layi ko ya yi baya sai ya dogara da kyamara. Rufin gilashi mai faɗi shi ma yana rage sararin kai, ya ƙara nauyi a can sama inda ba a son sa, ya ƙara wa na'urar sanyaya aiki a rana.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, wato bonet mai tudu da gaba a miƙe kamar bango. Shi ne yake ba motar kwarjini, shi ne kuma yake ɓoye abin da ke dab da gabanta. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta fitar da bincike a 2023 cewa motocin da tsayin gabansu ya haura inci 40, wato mita ɗaya da ɗoriya, sun fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100 idan aka kwatanta da masu gaban da bai wuce inci 30 ba kuma mai gangara. Ƙananan jif da yawa suna tsakanin waɗannan biyun. Kai mai ƙananan yara ne, don haka ka zauna a kujerar direba, ka sa a ajiye wani abu mai tsayin yaro ɗan shekara biyu a gaban motar, a riƙa matsar da shi har ka fara ganin sa. Ka yi haka a baya ma. Tazarar da za ka gani za ta sa ka riƙa zagaya motar kafin ka tayar da ita a gida.

Tsayi yana kuma ɗaga cibiyar nauyi, shi ya sa take ɗan karkata a kwana fiye da salun, kuma kaucewar gaggawa ta fi haɗari a cikinta. Na'urar da ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya don hana mota juyawa ta rage wannan matsala sosai. An wajabta ta a Amurka daga motocin 2012, a Tarayyar Turai kuma a kan duk sababbin motoci daga ƙarshen 2014. In ta hannu za ka saya wadda ta girmi waɗannan shekaru, ko wadda aka ƙera don wata kasuwa, ka tabbatar tana da ita kuma fitilarta ba ta tsaya a kunne a dashbod ba.

Shan mai

A nan ne gardama ta fi zafi, kuma a nan ne lissafi ya fi sauƙi. Abu huɗu ne suke sa ta fi salun sha. Nauyi, domin ta kan fi salun mai girmanta da kilo 100 zuwa 300, kuma duk tashi daga tsaye sai inji ya biya kuɗin wannan nauyi. Iska, domin gabanta ya fi faɗi da tsayi, bayanta a yanke yake, iska kuma tana shiga ƙarƙashinta. Tayoyi masu faɗi. Sai kayan ja da taya huɗu in tana da su, waɗanda suke ƙara nauyi da gogayya ko da ba a amfani da su.

Misali mafi tsabta shi ne Camry da RAV4 na 2019, tunda injinsu ɗaya, giyarsu mai hawa takwas. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Camry tana yin kusan kilomita 12 da lita ɗaya a cikin gari, kusan 16.5 a babbar hanya. RAV4 mai ja da gaba tana yin kusan 11 a gari, kusan 15 a babbar hanya. Bambancin kusan kashi ɗaya cikin goma ne, kuma ya fi buɗewa a babbar hanya. In aka haɗa manya da ƙanana, Hukumar Makamashi ta Duniya ta sa ratar a kusan kashi 20 cikin 100 sama da matsakaiciyar mota. A kan ƙaramar jif ta zamani mai lafiya, ka sa ran kashi 10 zuwa 20 sama da salun mai inji kwatankwacin nata. In daga mai inji lita 1.6 ko 1.8 za ka hau mai 2.4 ko 2.5, ratar za ta fi haka, domin ka canja bodi ka kuma canja inji.

Dalilin da ya sa babbar hanya ta fi tona mata asiri shi ne turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. Daga kilomita 100 a awa zuwa 120 gudu ya ƙaru da kashi 20, turjiyar iska kuwa ta ƙaru da kashi 44. Salun ma dokar ta hau kanta, amma mota mai faɗin ƙirji ta fi jin jiki. Mutumin da yake tafiya a 95 da wanda yake tafiya a 130 a mota iri ɗaya ba za su taɓa yarda da juna a kan shan mai ba. Ka ɗora ƙarfen ɗaukar kaya ko akwati a rufi, abin ya ƙara lalacewa, ko da babu komai a ciki.

A cikin gari kuma wani labari ne. Inji mai sanyi yana shan mai fiye da kima a mintunan farko. Wanda tafiyarsa kilomita uku ce zuwa makarantar yara, ya dawo, ya kashe, injinsa kusan kullum a wannan hali yake. Tsayuwa a cunkoso da na'urar sanyaya a kunne tana cin abin da ya kai kusan lita guda a awa ba tare da an motsa ba. Irin wannan mutum zai iya ganin kilomita 7 ko 8 da lita a motar da maƙwabcinsa mai doguwar tafiya yake samun 13, kuma duka motocin lafiyarsu ƙalau.

Nau'in inji ma ya raba su. Ƙananan injuna masu turbo, irin lita 1.5 da Honda ta sa wa CR-V ko 1.6 na Tucson da Sportage, suna da tsimi matuƙar kana lallaɓa totur. Da ka cika ta da mutane ka kama hawa tudu ko gudu, turbo ya tura iska, kwamfuta ta tura mai daidai da ita, sai ta sha kamar babban inji. Suna kuma son baƙin mai mai kyau a kan lokaci da fetur mai tsabta. Inji lita 2.0 ko 2.5 marar turbo bai kai su kyan alƙalami a takarda ba, amma shan sa bai cika yin tsalle ba, kuma ya fi haƙuri da sakaci. Akwai kuma RAV4 ta tsakanin 2006 da 2012 da aka sayar a Amurka da inji V6 mai lita 3.5. In mai ita ne ya ba ka labarin shan mai, labarin wata mota daban ya ba ka.

Masu haɗa fetur da lantarki su ne suka canja lissafin. Ford Escape ce ta fara kawo wannan a jif a 2004, RAV4 ta samu nata a 2015. Duk lokacin da ka taka birki, motar tana mayar da wani ɓangare na ƙarfin cikin batir, a tsaye kuma injin yana mutuwa, na'urar sanyaya ta ci gaba da aiki da lantarki. RAV4 ta 2019 mai wannan tsari tana yin kusan kilomita 17 da lita a gari a wancan gwajin, inda 'yar'uwarta mai fetur zalla take yin 11. A babbar hanya kuwa kusan 16 ne da 15, domin batir ba shi da maganin iska. Mai yawo a gari shi ne zai ci ribarta. Mai doguwar tafiya kullum zai daɗe bai mayar da ƙarin kuɗin da ya biya ba. In ta hannu ce, a sa kwamfuta a duba lafiyar babban batir, kuma ka tabbatar akwai mai gyaran da ya san ta a inda kake.

Duk wannan a kan mota mai lafiya ne. Yawancin jif ɗin da ake kawo mini da kukan shan mai, laifin ba na ƙirarsu ba ne. Taya ce babu isasshiyar iska, ko birki yana riƙewa kaɗan-kaɗan, ko saitin ƙafa ya goce, ko fulogi ya tsufa, ko na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa ta mutu kwamfuta tana zuba mai a makance. Wani lokaci an cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji da sunan maganin zafi, injin ya kasa kai zafin aikinsa, ya riƙa sha kamar yanzu aka tayar da shi. Mai irin wannan motar zai rantse maka cewa samfurin duka mashayi ne.

Hanyar sanin gaskiya ɗaya ce. Ka cika tanki har famfo ya katse, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi harkarka, ka koma ka sake cikawa har ya katse, ka raba kilomita da litar da ta shiga. A maimaita sau uku ko huɗu. Alƙalamin da ke dashbod ya kan ɗan yi wa mai mota daɗin baki. Wanda ya ce maka "man kaza yana kai ni mako" bai ba ka komai ba, tunda kuɗin mai yana canjawa kuma makonsa ba naka ba ne. Daga nan ka yi lissafin shekara. A ce kana yin kilomita 15,000: salun mai yin 14 da lita za ta sha kusan lita 1,070, jif mai yin 12 za ta sha 1,250. Bambancin lita 180 ne. Ka buga shi da kuɗin lita a wurinku, ka ƙara tsadar tayoyinta, sannan ka tambayi kanka ko sauƙin shiga, da tazarar ƙasa, da faɗin ƙofar baya sun kai wannan kuɗi a wurinka. Ga mutane da yawa sun kai, har da rara.

Abin da zan ce ka yi

In hanyarka tana da gargada, ko kana ɗaukar tsofaffi, ko kayanka masu tudu ne, kuma yaran ba su wuce biyu a kujerar yara ba, ƙaramar jif ta dace da kai. Ka nemi mai ja da gaba sai fa in laka ko yashi ko ƙanƙara suna cikin rayuwarka ta kullum, mai ƙaramin wili, mai manyan tagogi. In kwalta kake bi mai kyau, tafiyarka doguwa ce, burinka kawai na baya su sake, babbar salun ko wagon za ta ba ka wannan da ƙarancin mai da kwanciya a hanya.

Ranar gwaji ka tafi da iyalin da kujerun yaran da babban akwatin da kuka saba tafiya da shi. Ka daidaita kujerar direba yadda kake tuƙi, sannan ka koma bayanta ka zauna. Ka hau hanya marar kyau da gangan, ka hau babbar hanya ka saurari ƙarar iska da ta taya, ka gwada shigar da ita inda za ta riƙa kwana, ka ga ko ƙofofi suna buɗuwa a fitar da yaro.

Alƙaluman da na kawo na gwajin hukuma ne a kan sababbin motoci. Amfaninsu kwatanta mota da mota, ba alkawari ba ne na abin da za ka gani a tankinka, kuma samfuri ɗaya ya kan zo da inji daban a kasuwanni daban-daban. Motar hannu kuwa tarihin kulawarta ya fi sunanta muhimmanci, wannan kuma sai an ɗaga ta an shiga ƙarƙashi, an sa mata kwamfuta. In ka tsayar da biyu ko uku, ka turo mini shekarar kowacce, girman injinta, irin giyarta, kilomitar da ta yi, da yadda tafiyarka take a mako, sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya.